Kakan kakan matata ɗan ƙwadago ne a ƙauyen Ingila: ta ina zan bi sawunsa?

Wani bawan Allah mazaunin Ingila ya aiko da tambaya. Matarsa Baturiya ce, kuma yana so 'ya'yansu su san dangin uwa kamar yadda suka san na uba. Sun bi sawu har suka iske kakan kakanta a ƙidayar jama'a ta 1851, a wani ƙauye na lardin Norfolk, an rubuta "Ag Lab" a gaban sunansa. Daga nan hanya ta toshe. Wani ya ce musu su haƙura, talakan ƙauye ba ya barin tarihi. Yana son ya ji ko haka ne, in kuma ba haka ba ne, ta ina za su ci gaba.

Malam, Allah ya yi albarka ga wannan niyya. Wanda ya ce ku haƙura rabin gaskiya ya faɗa. Abin da ka gani a gaban sunan gajarce shi aka yi, ma'anarsa ɗan ƙwadagon gona, wato mai aiki a gonar wani ana biyansa lada. A 1851 babu sana'ar da ta kai wannan yawan maza a Ingila. Ba shi da gona, don haka babu takardar ciniki da sunansa. Da wuya ya bar wasiyya, domin babu abin rabo. Sau da yawa ma ko sunansa ba ya iya rubutawa, gicciye yake zanawa a gurbin sa hannu. Duk wannan gaskiya ne. Amma shi bai rubuta kansa ba, wasu sun rubuta shi: limamin coci, masu kula da gajiyayyu na gari, alƙali, mai gonar da ke biyansa, malamin makaranta, har ɗan jarida. Duk ranar da mutumin nan ya zama nauyi a aljihun wani, ko ya ɓata wa mai iko rai, to an kai alƙalami takarda. Talaucin da kake jin zai ɓoye shi, shi ne sau da yawa yake fito da shi fili. Saboda haka ka daina tambayar me ya bari, ka koma tambayar wa ya biya shi, wa ya ciyar da shi ran da ya kwanta ciwo, wa ya nemi korarsa daga gari.

Kafin mu je can, kada ka yi hanzarin tsallakawa baya. Ka kafa ƙafarka da kyau a inda kake. Ka nemo mutumin nan a kowace ƙidaya daga 1841 har ya mutu, shekara goma-goma ake yinta, sannan ka jera amsoshin da ya bayar gefe da gefe. Daga 1851 ne aka fara tambayar ainihin garin haihuwa da dangantakar kowa da mai gida. Ta 1841 ba ta da wannan: "e" ko "a'a" kawai take cewa a kan ko a lardin aka haifi mutum, kuma shekarun wanda ya haura 15 ana rage su zuwa biyar-biyar, ɗan 29 sai a rubuta 25. Wanda bai san wannan ba yakan yar da kakansa na gaskiya don shekaru ba su daidaita ba. Shi kuma garin haihuwa, ka tuna da baki aka faɗa, wani ya rubuta yadda ya ji. A Norfolk wannan babbar matsala ce, domin sunayen garuruwansu faɗarsu daban rubutunsu daban. Happisburgh kamar "Hezbara" ake faɗarsa, Wymondham kamar "Windam", Costessey kamar "Kosi". In ka ga sunan garin da babu shi a taswira, ka karanta shi da ƙarfi ka saurari abin da kunnenka ya ji. Haka sunan dangi: mutum ɗaya zai iya fitowa da rubutu iri uku, tunda shi ba ya iya gyara wa magatakarda.

Sai takardun shaida na gwamnati. Tun 1 ga Yuli 1837 ake rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Ana iya duba fihirisarsu kyauta a shafin intanet na FreeBMD da shafin babban ofishin rajista na ƙasa, kuma shi wannan na biyun yana nuna sunan gidan uwa kafin ta yi aure tun daga farkon rajistar. Da shi za ka tattaro dukan 'ya'yan ma'aurata ɗaya, har da waɗanda aka haifa suka mutu tsakanin ƙidaya biyu ba su taɓa bayyana a ko ɗaya ba. In kuɗinka na takarda ɗaya ne, to ka sayi ta aure, domin ita ce mai sunan uban ango da uban amarya da sana'arsu, ga kuma shaidu biyu waɗanda galibi dangi ne. In ba ka ga haihuwar wani ba kada ka yi mamaki. Kafin 1875 nauyin neman jarirai yana kan mai rajista ne, ba a hukunta iyaye, don haka wasu sun sulale.

Nan ne zan ja kunnenka, domin nan mutane suka fi ɓata. Sunayen da ake raɗa wa yara a ƙauyukan nan kaɗan ne: John, William, James, Robert, Mary, Sarah, Elizabeth. Dangi ɗaya kuma sun bazu a ƙauyuka biyar ko shida masu maƙwabtaka. Ba abin mamaki ba ne ka sami yara uku masu suna ɗaya da sunan dangi ɗaya, an yi musu baftisma cikin shekara biyar a tazarar tafiyar ƙafa. Kama da wane ba ta wane. Jerin zuriyar da mutane ke ɗorawa a shafin binciken zuriya na Ancestry da ire-irensa cike suke da wannan kuskure, wani ya ɗauki na farkon da ya gani, ɗari suka kwafa daga gare shi. Ka ɗauke su a matsayin jita-jita har sai ka ga takarda da idonka. In 'yan takara biyu suka fito maka, ka bi kowannensu har ƙarshensa. Sau da yawa za ka tarar an binne ɗaya yana ɗan shekara biyu, ko ya yi aure a wani gari ya zauna can, sai ɗaya ya rage.

Dalilin da ya sa ba ka same shi a ƙauyen da ka zata ba yana cikin yadda aikin yake. Ma'aikatan gona iri biyu ne. Akwai baran gona, yaro ko yarinya marasa aure, da ake ɗauka na shekara guda, suna kwana suna ci a gidan mai gona. Akwai kuma ɗan ƙwadago, magidanci, mai zama a ɗan gidansa na haya ana biyansa mako-mako ko rana-rana. Mutum ɗaya yakan fara da na farko tun yana ɗan shekara 13 ko 14, ya ƙare da na biyu bayan aure. A Norfolk da yawancin gabashin ƙasar shekarar barantaka tana ƙarewa ne wajen 11 ga Oktoba, bayan girbi, a arewa kuwa a Nuwamba. Ran nan bara ya karɓi kuɗin shekararsa, ya tafi kasuwar ɗaukar barori a garin da ke kusa, ya sami sabon ubangida. Shi ya sa aure yake yawaita a Oktoba a ƙauyukan masu noman hatsi, kuma shi ya sa saurayi zai iya zama a gari shida kafin ya yi aure. Sai dai ba sa nisa. Ka ɗauki taswira ka zana da'ira ta kamar mil goma kewaye da ƙauyen, ka lura da garin da suke cin kasuwarsa, ka bi gundumomin coci, wato yankunan da kowane coci ke kula da su, na cikin da'irar ɗaya bayan ɗaya.

Kafin 1837 littattafan coci ne madogara. An umarci kowace gunduma ta fara rubuta baftisma da aure da jana'iza tun 1538, ko da yake ba ko'ina na farkon suka tsira ba. Shekaru biyu za ka riƙe. Daga 1754 aure yana da littafinsa daban mai sa hannun ma'aurata da shaidu, kuma daga nan har 1837 kowa, ban da Yahudawa da 'yan ɗariƙar Kweka, dole a Cocin Ingila zai ɗaura aure. Daga 1813 littafin baftisma ya zama bugagge, da gurbin sana'ar uba da inda yake zaune, na jana'iza kuma da gurbin shekaru. Na Norfolk suna ma'ajiyar tarihin lardi a Norwich, masu aikin sa kai na shafin FreeREG sun kwafe da yawansu, kuma in shafi ya ruɓe akwai kwafin da ake aika wa shugabannin coci duk shekara. In baftismar yara ta ɗauke ɗif a tsakiyar ƙarni na 19 alhali iyalin suna nan, ka leƙa littattafan 'yan Metodis, musamman reshen da ya fi karɓuwa wurin talakawan ƙauye, domin 'yan ƙwadagon Norfolk da yawa can suka koma.

Yanzu ga inda nake so ka zauna ka daɗe.

Tun 1601 doka ta ɗora wa kowace gundumar coci ciyar da gajiyayyunta daga harajin da masu gida da gona ke biya. Tambayar da ta biyo baya ita ce, su wane ne nata? Dokar 1662 da waɗanda suka bi ta suka amsa: kowane mutum yana da gunduma ɗaya tak da take da alhakinsa. Yaro yana gadon ta ubansa. Mace tana komawa ta mijinta ran da aka ɗaura aure. Wanda aka haifa ba aure, kafin 1834, ta inda aka haife shi ce tasa. Mutum kuma yana iya samun sabuwa in ya koyi sana'a a ƙarƙashin yarjejeniya, ko ya kama hayar da ta kai fam 10 a shekara, ko, abin da ya fi shafar mutanenmu, ya yi barantakar shekara guda cur yana gwauro. Masu gona sun san wannan sarai, shi ya sa wasu ke ɗaukar bara na mako 51, su sallame shi saura kwanaki, don kada ya zama nauyin garinsu. Wannan mugunta ce, ba ni da wani suna da zan ba ta, kuma takardun da kansu suna nuna ta.

To ranar da ɗan ƙwadago ya karye a ƙafa, ko ya mutu ya bar mace da yara, ko aiki ya yanke da hunturu ya je neman taimako, abu na farko da masu kula da gajiyayyu za su yi shi ne su tabbatar nasu ne. Sai a kai shi gaban alƙalai, ya rantse, ya ba da labarin rayuwarsa, magatakarda yana rubutawa: shekarunsa, inda aka haife shi, inda ubansa ya fito, gonar da ya fara aiki, sunan ubangidansa, ladan shekara nawa, ko ya cika shekarar ko bai cika ba, ina ya koma, yaushe ya yi aure, sunan matar, sunayen yara da shekarunsu. Babu wata takarda a duk tarihin Ingila da ke ba ka rayuwar talaka daga bakinsa kamar wannan. In aka ga ba nasu ba ne, alƙalai biyu su sa hannu a takardar kora, a ɗora iyalin a amalanke a kai su gundumar da aka ce tasu ce, wani lokaci garin da matar da yaran ba su taɓa gani ba. Ita kuma waccan gundumar tana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun lardi mai zama sau huɗu a shekara, inda za a sake zayyana labarin. Kafin 1795 ma ba sai ka nemi taimako ba, zargin cewa za ka iya nema ya isa a kore ka. Akwai kuma takardar lamuni, wadda gundumar mutum ke ba shi ya tafi neman aiki wani wuri, tana alkawarin karɓarsa in ya gaza. Ita kaɗai takan gaya maka daga ina iyali suka zo.

Ka ga yadda wannan ke buɗe toshewar da kake ciki. Kana da mutum a ƙauye kaza a 1851, ba ka san iyayensa ba. Takardar rantsuwa ɗaya, tasa ko ta ubansa ko ta ɗan'uwansa, tana iya mayar da kai baya tsara biyu ta kuma nuna maka garin da za ka buɗe littafinsa. A kundin ma'ajiyar Norwich ka rubuta sunan dangin tare da kalmar settlement (gundumar da ke da alhakin mutum) ko removal (kora), ka nema a gundumar da aka kore shi da wadda aka kai shi, domin kowacce takan riƙe kwafi. Gaskiyar da zan gaya maka ita ce ba duka suka tsira ba. A akwatin coci aka ajiye su, wani gari yana da ɗaruruwa, maƙwabcinsa ko ɗaya babu. Amma in akwai, sun fi kowane abu da za ka biya kuɗi ka gani a intanet.

A akwatin nan dai akwai littafin kashe kuɗi na masu kula da gajiyayyu: takalmi ga ɗan wane, gawayi ga matar marigayi wane, kuɗin ungozoma, kuɗin akwatin gawa. Akwai yarjejeniyar bayar da marayu da 'ya'yan matalauta koyon aiki, wanda a ƙauye yawanci aikin gona ne ko aikin gida. Akwai kuma takardun da ake tilasta wa namiji ɗaukar nauyin ɗan da aka haifa masa ba aure. In ka ga gurbin uba fayau a takardar haihuwa ko ta aure, nan za ka nufa, kuma ka shirya zuciyar iyalinka tun da wuri, domin abu ne da ake yawan tararwa.

A 1834 aka sauya tsarin. Aka haɗa gundumomi rukuni-rukuni, kowane rukuni da gidan gajiyayyu guda, inda ake raba miji da mata da yara. Na Gressenhall kusa da Dereham yanzu gidan tarihi ne, ya kamata ka kai yaran su gani. Littattafan shiga da fita da na haihuwa da mutuwa na gidajen nan, waɗanda suka rage, suna ma'ajiyar lardi. Wasiƙun da rukunonin suka yi da hukuma a Landan kuma suna babbar ma'ajiyar ƙasa a Kew, a jerin MH 12, kuma a cikinsu akwai sunayen iyalan da gundumomi suka biya wa kuɗin jirgi zuwa Kanada. A tsakiyar shekarun 1830 Norfolk ce kan gaba a wannan. In ƙanin kakan nan ya ɓace wajen 1836, ka fara dubawa can.

Don ka gane rayuwar da ke bayan takardun, ka san abin da ake biyansu. James Caird, wanda ya zagaya gonakin Ingila a 1850 da 1851, ya ƙiyasta matsakaicin ladan mako a lardunan kudu sule 8 da kwabo 5, a na arewa, inda masana'antu ke gasa da gona wajen neman ma'aikata, sule 11 da sisi. Da wannan za a ciyar da gida mai yara shida. George Edwards, wanda aka haifa a Marsham ta Norfolk a 1850, yana ɗan shekara shida ya fara aikin korar hankaki a gona. An ɗaure ubansa don ya ɗauko 'yan saiwoyin abincin dabbobi daga gona ya kai wa iyalinsa, iyalin suka faɗa gidan gajiyayyu. Shi ne daga baya ya kafa ƙungiyar 'yan ƙwadagon gona a North Walsham a 1906, ya shiga majalisar dokoki a 1920. Dubi inda gida ɗaya ya bar sawu: kotu, gidan gajiyayyu, ƙungiya. Na matarka ma haka za ka neme su.

Saboda haka kada ka ji kunyar buɗe littattafan kotu da na kurkuku. Farautar zomo a dajin mai ƙasa, satar itace, barin aiki kafin wa'adi, duk suna kai mutum gaban alƙali, kuma littafin kurkuku yakan ba da tsawo da launin ido da ko ya iya karatu. A tarzomar 1830, da ta faro daga Kent ta bazu har Norfolk, 'yan ƙwadago sun farfasa injinan sussuka da ke cinye musu aikin hunturu. An rataye 19, an kai kusan 500 Ostireliya, kuma takardun waɗanda aka kai ɗin suna da bayani dalla-dalla. Jaridun lardi, da ake samu a shafin British Newspaper Archive, suna kawo shari'o'in nan da haɗurran gona, suna kuma kawo abin alfahari: gasar huɗa, kyautar makiyayin da ya fi raya 'yan tumaki, kyautar wanda ya shekara talatin ko arba'in a gona ɗaya, da ta wanda ya reni yara da yawa bai taɓa karɓar taimakon gunduma ba. A irin wannan labari ne za ka ga sunan ubangidansa.

Da sunan ubangida a hannu, sai ka nemi littafin biyan lada na gonar ko na babban mai ƙasa, irin gidan Holkham. Kaɗan ne suka rage, wasu a ma'ajiyar lardi, wasu a gidan tarihin rayuwar karkara da ke Reading. Taswirar ushirin coci, da aka zana bayan dokar 1836, tana nuna kowane fili da mai shi da mazauninsa, kana iya gano ainihin gidan, sai dai sau da yawa sunan mutum ɗaya ake rubutawa a ce "da sauransu". Littafin shugaban makarantar ƙauye, daga shekarun 1860, yana ambaton yaran da suka yi fashi don girbi ko kalan alkama, littafin ɗaukar ɗalibai kuma yana ba da ranar haihuwa da sunan uba.

In kuma gaba ne suka ɓace maka, dalilin a fili yake. A 1872 Joseph Arch ya tada ƙungiyar 'yan ƙwadago daga Wellesbourne, a 1874 masu gonakin gabas suka kori 'yan ƙungiya daga aiki, ƙungiyar ta taimaka wa da yawa suka yi hijira. Daga ƙarshen shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta karya noman hatsi. Samari suka nufi aikin jirgin ƙasa, ɗan sanda, soja, ma'adinan Durham da Yorkshire. Wasu kuma cin rani suke zuwa Burton upon Trent da hunturu, aikin tsiron sha'ir, su dawo. Ƙidayar 1911 za ta gaya maka shekarun aure da yawan yaran da aka haifa da waɗanda suka rasu. Ta 1921, da aka buɗe a 2022, tana ba da sunan wanda mutum ke yi wa aiki. Ta 1931 ta ƙone a 1942, ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi, sai rajistar Satumba 1939 ce ke cike gurbin, ita kuma tana da cikakkiyar ranar haihuwa.

Ka turo mini garin haihuwar da ya faɗa a 1851 da wanda ya faɗa a 1861, yadda aka rubuta su harafi da harafi, da sunan gidan matarsa kafin aure in ka samo. Da su za mu gane rukunin gundumomin da ƙauyen ya faɗa bayan 1834, da littafin cocin da ya kamata ka fara buɗewa.